Kantun kakin kyandir: yadda ake fasa shi da abin da ke ɓacewa idan an fasa

Kakin da ake yin kyandir da shi yana sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome cikin buhu mai kilo 50 ko kwali mai kilo 25. Idan aka kwance bakin buhun, abin da za a tarar shi ne fararen kantuna goma a jere, kowanne kilo 5, shimfiɗaɗɗe kamar allon karatu amma ya fi shi girma da kauri. Tsawonsa ya kusa rabin mita, faɗinsa wajen santimita 30, kaurinsa wajen santimita 4. Mai ƙaramar sana'a ba shi da tukunyar da za ta haɗiye shi ɗungurungum, mai neman rabin kilo kuma ba zai ɗauke shi duka ba. Dole a fasa.

A nan ne bakin masu sana'a ke rabuwa. Wani ya ce guduma, wani ya ce zarto, wani ya ce a saka a firiza ya kwana, wani kuma ya ce duk wahalar banza ce, a jingina kantun cikin tukunya a hura wuta. Kowa da hujjarsa, sai dai galibi ba kaya iri ɗaya suke magana a kai ba, ba kuma cikin yanayi ɗaya ba. Wanda ya san halin kakin ba ya buƙatar ƙarfi mai yawa. Abin da ya fi wuyar kiyayewa shi ne tsabtar kayan, da nauyinsa, da shaidar ko wane iri ne, domin dukkansu uku suna iya salwanta a lokacin fasawa.

Sunayen da ke rikita mutane

Kaki tsohuwar kalmar Hausa ce, kuma asalinta na zuma ne, wato abin da ke saura idan an matse saƙa an tace. Da shi maƙeran fari ke fitar da siffar abin da za su zuba, da shi dukawa ke goge zare. Kakin zuma yana narkewa tsakanin digiri 62 da 64 a ma'aunin Salshiyos, yana da ƙamshi, yana da danƙo. Kakin kyandir na kasuwa kuwa daga ɗanyen man fetur yake fitowa, kuma sunansa na aro shi ne farafin. An haɗa kalmar daga kalmomin Latin biyu masu nufin abin da ba ya son cuɗanya, saboda ba kasafai yake haɗuwa da wasu sinadarai ba. Ruwa ma ba ya narkar da shi.

Kalmar farafin tana da fuska uku. A Ingila da Kenya da Afirka ta Kudu, idan aka ce farafin kananzir ake nufi. A kantin magani akwai man farafin, wanda ake sha don sassauta ciki, ake kuma shafawa a fata. Na ukun shi ne mai tauri, wanda muke magana a kai, kuma shi Faransancin Togo ke kira da wannan suna. Baƙon da ya zo daga Kano yana da wani tarkon a gabansa: kalmar da kunnensa zai ji kamar fetur, a bakin mai Faransanci kananzir take nufi. Kyandir kuma buji ne, sunan da aka samo daga garin Bijaya na gaɓar Aljeriya, wanda ya shahara da sayar wa Turawa kakin zuma a ƙarnonin baya.

A jikin buhu ana ganin lambobi kamar 56/58 ko 58/60 ko 60/62. Waɗannan ba farashi ba ne, ba kuma nauyi ba. Suna nuna tsakanin digirin da kakin ke narkewa. Ana kuma rubuta matsayin tacewa. Tatacce sarai shi ne wanda maiƙon da ya rage a cikinsa bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Mai rabin tacewa ya fi haka maiƙo, yakan kai kashi ɗaya da rabi ko biyu. Ƙasa da su akwai ɗanyen kaki, mai laushi da launin rawaya ko ruwan ƙasa, wanda maiƙonsa ke iya haura kashi goma. Sai sitiyarin, wani farin sinadari da ake ƙarawa don kyandir ya yi tauri ya kuma fita daga mazubi cikin sauƙi. Farafin ba shi da alaƙa da kitsen dabba, amma sitiyarin ana samunsa daga manja ko daga kitse, abin da mai son tantance kayansa zai so ya tambaya.

Daga matata zuwa Zongo

Wani Bajamushe masanin sinadarai, Karl von Reichenbach, shi ya fara ware farafin a 1830 daga kwaltar itace. A 1850 James Young na Sikotilan ya yi rajistar hanyar fitar da shi daga kwal, daga baya rijiyoyin man fetur suka sa ya yi arha har ya kori kyandir na kitse daga kasuwa. A yau kakin yana fitowa ne a matsayin rara yayin da matata ke haɗa baƙin mai na inji. Ana sanyaya man, kakin ya daskare, a tace shi gefe, a cire masa maiƙo, a zuba shi a mazubai ya zama kantu.

Togo ba ta yin nata. Matatar da aka gina a Lome a ƙarshen shekarun 1970 ba ta daɗe tana aiki ba aka mayar da ita wurin ajiyar mai. A Nijeriya matatar Kaduna, da aka buɗe a 1980, tana da sashen baƙin mai da aka tsara ya fitar da kaki daga ɗanyen mai na musamman da ake shigo da shi daga waje, amma ta shafe shekaru ba ta aiki yadda ya kamata. Saboda haka yankin ya dogara da jirgin ruwa. Sin ce kan gaba wajen sayar wa duniya farafin, kuma tambarin Kunlun na kamfanin PetroChina, daga matatu irin na Fushun da Daqing, yana cikin waɗanda aka fi sani. Masar da Iran ma suna fitarwa.

Tashar Lome mai zurfin ruwa, wadda aka ƙaddamar a 1968, ba Togo kaɗai take ciyarwa ba. Daga nan kaya ke hawa zuwa Burkina Faso da Nijar da Mali. Zongon Lome na yau yana kan wannan hanya. Tsohon Zongo a tsakiyar gari yake, inda fataken Hausawa suka sauka tun zamanin Jamusawa, har aka rushe shi a 1977 aka mayar da mazauna Togblekope, wajen kilomita 15 arewa da tsakiyar birnin, bakin babbar hanyar da ta miƙe zuwa iyakar Burkina. Michel Agier, wanda ya wallafa littafi a kan fataken unguwar a 1983, ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya rataya a wuyan mai gida, mai saukar da baƙo, ya tsaya masa, ya lamunce bashi da sunansa. Wannan batu na lamuni zai sake tasowa a maganar kaki.

Masu buƙatar kayan sun wuce masu neman haske idan an ɗauke wuta. Majami'un Katolika suna kunna kyandir, haka mabiya cocin Selestiyal da Samuel Oshoffa ya kafa a Porto-Novo a 1947, haka masu addinin gargajiya na Vodun. Masu rinin batik, irin na garin Kpalime, suna shafa narkakken kaki a yadi don rini ya tsallake wurin. Yawancinsu kaɗan-kaɗan suke saye.

Me ya sa sai an fasa?

Dalili na farko ciniki ne, kuma ba ya buƙatar bayani. Na biyu yana cikin halittar kakin. Farafin mugun marowaci ne wajen wuce da zafi: ya fi ruwa jinkiri, kuma tukunyar alminiyom ta ninka shi kusan sau dubu wajen saurin isar da zafi daga gefe zuwa gefe. Idan aka jefa babban curi a tukunya, fatarsa ce ke narkewa, cikinsa yana nan daram. Ruwan kakin da ya riga ya narke yana ta shan wuta yana jiran wanda bai narke ba.

Lissafi mai sauƙi ya isa. Kantu mai santimita 48 da 30 da 4, faɗin jikinsa da zafi zai iya taɓawa wajen murabba'in santimita 3,500 ne. Idan aka raba shi gunduwa-gunduwa, kowace santimita 4 ta kowane gefe, za a samu wajen guda 90, faɗin kuma ya haura 8,600, wato ya ninka sau biyu da rabi. Yawan zafin da ake buƙata bai canja ba, kuma kusan daidai yake da wanda zai tafasa lita ɗaya ta ruwa ga kowane kilo na kaki. Abin da ya canja shi ne lokaci, da gawayin da ke ƙonewa a banza ana jira. Ba lallai ne a mayar da shi gari ba. Gunduwa kamar akwatin ashana ko ƙwan kaza ta wadatar, abin da ya wuce haka ɓata ƙarfi ne da ƙara asara.

Halinsa da sanyi, halinsa da zafi

Mafi yawan gardamar tana warwarewa a nan. Farafin mai sanyi yana da gautsi, yana tsagewa kamar kantun gishirin Balma. Tun kafin ya kai ga narkewa, da digiri goma ko fiye, yakan fara saki, ya koma mai lanƙwasa. Wannan ne ya sa kyandir ke sunkuyawa a shago mai rufin kwano alhali bai narke ba. Kakin da ya yi ɗumi, idan aka buge shi da guduma sai ya lotsa, ya haɗiye bugun, ya ƙi tsagewa.

Lome gari ne da zafinsa ke kewaya digiri 27 a tsawon shekara, ya haura 30 da rana daga Fabrairu zuwa Afrilu. Buhun da ya wuni a bayan mota ko cikin kwantena ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Wanda ya gwada guduma da azahar a watan Maris zai rantse ba ta aiki. Wanda ya gwada bayan asuba lokacin hunturu, ko cikin sanyin Agusta, zai ce babu abin da ya fi ta. Duk gaskiya suka faɗa. Matsayin tacewa ma yana shiga: tatacce sarai mai lamba 60/62 yana karyewa da ƙara, mai maiƙo kuwa yana marmashewa ko ya manne wa ƙarfe.

Guduma, zarto da firiza

Hanyar da ta fi dacewa da ƙaramin mai sana'a tana farawa da ajiye kantun a inuwa ya kwana a kan siminti. Da safe a ja layi mai ɗan zurfi a kansa da kurfi ko babbar ƙusa, a ɗora shi a kan katako yadda layin zai dace da bakin katakon, a danna ko a yi bugu ɗaya a ɓangaren da ke reto. Yana rabuwa a kan layin. Idan ana son ƙanana, sai a zuba manyan cikin buhu mai tsabta, a ɗaure baki, a buga ta waje. Buhun yana tare ɓarɓashi, yana kare ido, yana hana kakin taɓa ƙasa. Masu ɗaga buhun su saki a kan siminti ma suna samun biyan buƙata, sai dai girman gunduwar ba ya hannunsu.

Maganar ɓarɓashi ba ƙarama ba ce. A ɗauka kowane kantu ya zubar da giram 100 a ƙasa. A buhu guda kilo ɗaya ke nan, kashi biyu cikin ɗari, kuma idan kyandir ɗaya giram 50 ne, guda ashirin sun tafi. Wanda ya share ya mayar tukunya bai tsira ba, domin yashi da ƙura suna toshe lagwani, wutar ta riƙa tartsatsi tana mutuwa. Wanda aka bari a kan siminti kuma santsi yake zama, ya kayar da mai ɗauke da tukunya mai zafi.

Masu zarto suna da hujja ɗaya mai ƙarfi: yanka a miƙe, wanda mai sayarwa a kan sikeli ke so. Amma haƙoran zarto suna cikewa da kaki bayan ja kaɗan, kuma yana fitar da gari fiye da kowace hanya. Adda da gatari sun fi haɗari fiye da amfani, saboda kaifi yana zamewa a kan kaki, ya nufi hannu ko ƙafa. Wuƙa mai zafi da waya mai zafi suna burge mai kallo, sai dai kakin da suka narkar yana sake daskarewa a bayansu ya liƙe yankan, in ba an riƙa buɗa shi ana tafiya ba.

Firiza tana aiki, babu musu. Kantun da ya yi sa'o'i a ciki bugu kaɗan ke wargaza shi. Illarta biyu. A gari mai laima kamar Lome, da zarar an fito da kakin sai raɓa ta kwanta masa, kuma ruwa abokin gabar narkakken kaki ne. Dole a bari ya bushe sarai kafin ya shiga tukunya. Ta biyu kuwa abin murmushi ce: lokacin da kasuwar kyandir ta fi ci shi ne lokacin da firiza ba ta da wuta.

Masu cewa a narka kawai

Wannan ra'ayi kashi biyu ne, kuma bai kamata a yi musu kuɗin goro ba. Kashi na farko suna narka kantu a hankali, su zuba a faranti mai faɗi kaurin yatsa ɗaya, idan ya fara kamawa su tsaga shi da wuƙa, kamar yadda mai kantun riɗi ke yanka tun da ɗumi. Bayan ya huce, da hannu ake ɓallewa, kowane yanki kusan nauyi ɗaya. Hanya ce mai tsabta, tana kuma ba da damar tacewa da haɗa sitiyarin tun farko. Kuɗinta gawayi sau biyu, kuma kakin da ake yawan dafawa da zafi mai yawa yakan juya rawaya ya ɗauki wari.

Kashi na biyu su ne masu ɗora tukunya kai tsaye a kan kurfoti ko murhu da kantu a tsaye a ciki. Nan haɗarin yake. Ruwa yana gargaɗi da tafasa, kaki ba ya yi. Yana kwance lumui yana hawa, har ya kai wajen digiri 200 ko sama kaɗan, inda tururinsa ke kama wuta da zarar ya haɗu da harshenta. Garwashin gawayi ya ninka wannan zafi. Farin hayaƙi mai kauri daga bakin tukunya alama ce cewa an kusa. Idan ya kama, abin da hannu ke fara nema shi ne ruwa, kuma shi ne mafi muni: ruwa ya fi kaki nauyi, sai ya nutse, ya zama tururi nan take, ya kumbura kusan sau 1,700, ya watsa kaki mai ci ko'ina. Murfi ake rufawa, ko a zuba busasshen yashi, a janye wutar ƙasa.

Maganin tun farko shi ne tukunya cikin tukunya, ta kakin a zaune cikin wadda ke da ruwa. Muddin akwai ruwa a ta ƙasa, zafi ba zai wuce digiri 100 ba, kuma kakin kyandir bai buƙatar fiye da 70 zuwa 85 kafin a zuba shi a mazubi. Wannan hanya tana da jinkiri, shi ya sa take tafiya tare da fasa kantu ƙanana. Mazauna Lome ba sa buƙatar a kwatanta musu abin da wuta ke yi a cikin rumfuna masu cunkoso. Sun ga gobarar babbar kasuwar Adawlato a Janairun 2013, sun ga ta Agoe-Assiyeye a Disambar 2023. Ba kaki aka ɗora wa alhakinsu ba, amma tukunyar narka ba ta da wurin zama kusa da inda aka jibge buhuna da kwalaye.

Abin da ke tafiya tare da buhu

Lamba da matsayin tacewa da sunan matata a jikin buhu ko kwali suke. Da zarar an fasa kantu an zuba a roba, farin dutse ne kawai, kuma mai rabin tacewa yana kama da tatacce sarai a idon wanda bai saba ba. Mai rabin tacewa ba jabu ba ne, da shi ake yin kyandir mai arha a ƙasashe da dama. Laifin yana wajen sayar da shi da sunan ɗan'uwansa, ko cakuɗa guntayen buhuna daban-daban. Wanda ya saya ba zai gane ba sai kyandir ya fara hayaƙi, ko ya yi gumi a cikin takarda, ko ya lanƙwashe kafin ya isa garin Dapaong na arewacin Togo.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar na'ura. Tatacce sarai fari ne mai ɗan haske-haske, ba shi da wari, ba ya barin maiƙo a tafin hannu, kuma farce ba ya shiga shi da sauƙi. Idan aka ɗora gunduwa a kan takardar buhun siminti aka bar ta a wuri mai ɗumi, mai maiƙo zai bar tabo. Wannan yana raba mai kyau da maras kyau, amma ba ya raba 56/58 da 60/62, alhali a ƙasa mai zafi wannan tazara ta digiri huɗu tana iya zama bambancin kyandir mai tsayuwa da mai sunkuyawa. A nan mai saye ba shi da madogara sai maganar mai sayarwa, irin lamunin da cinikin Zongo ya ginu a kai tun asali. Mai sayarwa da ke fasa kantu a gaban mai saye, buhun yana gefe ana ganin rubutunsa, ya rage wa kansa rantsuwa.

Inda kasuwar ta dosa

Kyandir na haske yana ja da baya a gaban tocila mai caji, da fitilar waya, da ƙananan na'urorin hasken rana irin waɗanda shirin Cizo na gwamnatin Togo ya fara yaɗawa a karkara tun 2017. Duk da haka wutar ƙasar tana rataye da maƙwabta: madatsar Akosombo ta Gana, da iskar gas da ke zuwa ta bututu daga Nijeriya. Ƙarancin ruwa a Akosombo ya jefa Lome cikin duhu a 1998, ƙarancin gas ya sa kamfanin wutar lantarki na CEET rabon wuta unguwa-unguwa a 2024. Kyandir na ibada da na ado kuwa bai damu da ko akwai wuta ko babu ba.

Ta ɓangaren samarwa, sababbin matatun baƙin mai suna juya kakin ya koma mai maimakon su tace shi gefe, tsofaffin da ke fitar da shi kuma ana ta rufe su a Turai da Amurka. Giɓin ana cike shi da kakin manja daga Malesiya da Indonesiya, da na waken soya, da wanda Sasol ke haɗawa daga iskar gas a Afirka ta Kudu. Kowanne da yadda yake karyewa da yadda yake narkewa, don haka hannun da ya saba da farafin sai ya sake koyo.

Masu sayarwa da yawa yanzu suna kawo kakin a ƙwayoyi kamar wake, wanda ake ɗiba da kwano a auna, babu guduma babu ɓarɓashi. Yakan fi tsada, ya fi cin wuri a kwantena, shi ya sa kantu bai bar kasuwa ba. Ƙwayoyin kuma suna da nasu sharaɗi na ajiya: buhun da aka danne a ƙasan tari cikin shago mai zafi, musamman mai ƙaramar lamba, yakan manne ya koma curi guda, sai an sake nemo kurfi.